Gidan Firmin a Hannun Banki

Shekara goma sha bakwai Nadège Pirotte ta yi tana tuƙa bas a Verviers, abin da ta tara kuwa bai wuce biyu ba: ciwon baya, da yuro dubu goma sha tara a asusun ajiya. Ciwon bayan kowa ya san da shi, don ba ta tashi daga kujera sai ta dafe ƙugu. Kuɗin kuwa ko mahaifinta bai sani ba. Tun da aurenta ya mutu ta kama hayar ɗaki da falo a bayan tashar jirgin ƙasa, yuro ɗari shida da arba'in duk wata, kuma duk ranar da kuɗin suka fita sai ta ji kamar an cire mata haƙori.

A ɗakin hutun direbobi abin ya shige ta. Tana cin burodi da cuku tana latsa waya, sai ta faɗa kan bidiyon wani saurayi mai ƙaton agogo da ke koya wa mutane arziki da gidan haya. Maganarsa ɗaya ce, juya ta kawai yake yi kamar waina a tanda: banki ya saya maka, ɗan haya ya biya banki, kai ka naɗe hannu, bayan shekara ashirin da biyar gida ya zama naka. Ta kalla sau ɗaya ta yi tsaki. Washegari ta sake nemo shi.

Yvon Collard, tsohon direban da saura shekara biyu ya yi ritaya, ya leƙo ta kafaɗarta.

"Ke Pirotte, yaron nan da kike kallo kullum, aurensa za ki yi ne?"

"Gida zan saya, Yvon. Na haya."

"Iye! Fara sayen kofinki tukuna. Wata uku ke nan nawa kike sha."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Amma tun daga ranar ba ta ƙara wuce allon dillali ba tare da ta rage gudu ba.

Tun bayan ambaliyar da ta cinye ƙasan gari, gidajen da ke kusa da kogi suka faɗi warwas. A nan wani dillali mai takalmi mai tsini ya nuna mata wani sashe a hawa na biyu na wani tsohon bene mai sassa shida. Ɗaki biyu, falo, kicin mai leƙen bayan benen. Yuro dubu casa'in da biyar.

"Kuma da 'yar haya a ciki," in ji shi, ya rage murya kamar mai ba da sirri. "Tsohuwa ce, ɗari biyar da ashirin take biya, ba ta taɓa yin lattin kwana ɗaya ba. Madam, irin wannan ba ya kwana a kasuwa."

A banki aka haɗa ta da Monsieur Stassart, mutum mai sanyin murya wanda ba ya cewa a'a sai ya fara yabon mutum. Ya yaba albashinta, ya yaba ajiyarta, sannan ya juyo mata da fuskar kwamfuta.

"Da a ciki za ki zauna, da maganar daban ce. Amma na haya ne, kuma wannan ne karonki na farko. Kashi tamanin cikin ɗari muke bayarwa, ba ƙari. Sauran naki ne, da harajin ciniki, da ladan lauya. Duka-duka sai kin zo da dubu talatin da huɗu."

"Sha tara gare ni."

"Na gani." Ya juya biro a hannu. "Iyayenki suna raye?"

"Mahaifina."

"Gidan da yake ciki nasa ne? Ya gama biya?"

Ta ce tun tuni. Monsieur Stassart ya yi murmushi ya ce ai kuwa an samu hanya. Idan tsohon ya yarda a jingina gidansa, banki zai cika mata giɓin. Ba wanda zai taɓa gidan, takarda ce kawai za ta kwanta a aljihun tebur. Zai ba ta dubu casa'in da ɗaya, ta riƙa biyan ɗari huɗu da sittin duk wata, shekara ashirin da biyar. Nan take ta cire wannan daga kuɗin haya a ranta, ta ga rarar sittin. Ta fito tana jin ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.

Firmin Pirotte shekararsa saba'in da tara. A masaƙar ulu ya ƙare ƙuruciyarsa, har ranar da aka rufe ta. Gidansa ɗan siriri ne a kan tudun Dison, matakalarsa a miƙe kamar tsani, da akurkin tattabaru a bayan gidan wanda ya fi kula da shi a kan falonsa tun rasuwar matarsa. Ranar Lahadi Nadège ta je masa da kek ɗin shinkafa, ta bari sai da ya ci yanka biyu kafin ta buɗe baki. Ta shirya bayani mai tsawo, har da takardar lissafi a jaka. Bai bari ta kai rabi ba.

"A ina zan sa hannu?"

"Papa, ka saurara mana. Gidanka ne fa."

"Na ji. Za ki biya ko ba za ki biya ba?"

"Zan biya."

"To shi ke nan. Ƙaro mini kofi."

Sauƙin abin ya ɗan tsorata ta. Ta ce masa kada ya gaya wa Régis tukuna. Régis yayanta ne, yana sayar da kayan kicin a Namur, kuma tun suna yara shi ake kira mai kai a gidan, ita kuma mai ƙarfi. Tana so sai komai ya kankama ta ajiye mukulli a gabansa ta ga yadda fuskarsa za ta yi. Tsohon ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dama Régis ba ya kiransa sai Kirsimeti.

Ranar ɗaure ciniki lauya ya yi awa guda yana karatu da murya ɗaya. Firmin ya sa kwat ɗin da ya sa ranar da aka binne matarsa, yana gyangyaɗi. Can lauyan ya ɗago ya dubi Nadège ta saman tabarau.

"Rahoton tarurrukan masu benen na shekara uku, an aiko miki. Kin karanta?"

An aiko mata, shafi sittin da wani abu. Ta buɗe a ɗakin hutu, ta ga rigima kan kwandon shara da wanda ke ajiye keke a zaure, ta rufe.

"Na karanta," in ji ta. Ta sa hannu, mahaifinta ya sa.

'Yar hayar, Madam Odile Hanquet, shekararta tamanin da ɗaya, 'yar ƙarama kamar tsuntsuwa, kuma ta shekara ashirin da shida a sashen. Ta tarbi Nadège da kofi a kofuna masu bakin zinariya, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ce mai gidan nan ta huɗu. Na farko ya mutu, na biyu ya tsere Sifaniya, na uku bai taɓa hawowa nan ba. Me kike yi?"

"Bas nake tuƙawa."

"Allah Sarki. Bashi kika ci ke nan." Ta miƙa mata sukari. "Zo ki ga wani abu, 'yata, don kada ki ce na ɓoye miki."

Ta kai ta ɗakin baya, ta sa ta ta janye kabad. Bangon ya yi baƙi tun daga sama har ƙasa, fenti ya kumbura, wari kamar na rijiyar da aka daɗe ba a buɗe ba. Nadège ta taɓa, hannunta ya jiƙe. Ta ce za ta sa a shafa fenti. Tsohuwar ta dai taya ta mayar da kabad.

Rarar sittin ɗin nan ba ta taɓa ganinta ba. Harajin gida ya zo, inshora ta zo, kuɗin kula da bene na wata-wata ya zo, abubuwan da saurayi mai agogo bai taɓa ambata ba. Kowane wata sai ta ɗora hamsin daga albashinta. Ta ce wa kanta ba komai, ajiya ce.

A watan Maris aka kira taron masu benen, a bayan wani shagon shan kofi. Mutum shida da wakilin da ke kula da ginin. Bayan an gama da kwandon shara, wakilin ya raba takardu ya ce yanzu sai babbar magana, wadda aka ɗage sau biyu. Rufin ya gama yawo, bangon baya kuma yana shan ruwa tun ambaliya, injiniya ya ce ba zai ƙara ɗaukar damina biyu ba. Ga farashin magina. Nadège ta bi layin da sunanta yake da yatsa. Yuro dubu goma sha bakwai.

"Wannan na benen ne duka?" ta tambaya.

"Kasonki ne, Madam."

"Ba wanda ya gaya mini!"

"Yana cikin rahoton bara, shafi na arba'in da ɗaya. Da na bara waccan."

Wani likitan haƙori mai sashe a benen ya duba agogo ya ce a kaɗa ƙuri'a, yana da marasa lafiya. Hannu biyar suka tashi. Nata kaɗai ya rage a kan cinya, kuma bai hana komai ba. Alfarmar da aka yi mata ita ce ta biya cikin shekara biyu, ɗari bakwai da ɗoriya duk wata.

Ta koma wurin Monsieur Stassart. Ya yaba yadda ba ta taɓa saɓa biya ba, sannan ya ce bashin da ke kanta ya riga ya kai iyakar abin da albashinta zai ɗauka. Ta tambayi wakilin bene ko za ta iya ƙara kuɗin haya, ya ce sai ɗan abin da doka ta yarda a shekara, wanda bai kai kuɗin man mota ba. Sai ta shiga karɓar aikin Asabar da Lahadi, da duk ranar da wani ya ce ba shi da lafiya. Ta daina sayen nama sai ƙarshen mako. Ta sayar da ƙaramar motarta. Yvon ya daina kiranta mai gidaje, ya koma ajiye mata kofi a kan tebur ba tare da ya ce komai ba, wannan kuwa ya fi tsokanar ciwo.

Ana cikin haka, a watan Yuli, Firmin ya taka matakala zai sauko da buhun hatsin tattabaru, ƙafa ta zame. Maƙwabciya ce ta ji ihunsa. Ƙashin ƙugu ya karye. Aka yi aiki, aka sa ƙarfe, likita ya ce zai tashi, amma shi da matakala sun yi sallama, kuma zama shi kaɗai ya ƙare.

Régis ya zo daga Namur da babbar motarsa da jerin gidajen kula da tsofaffi a waya. A farfajiyar asibiti ya zayyana mata komai, kamar mai sayar da kicin. Gida mai kyau dubu biyu ne a wata, fanshon Papa dubu ɗaya da ɗari huɗu. A sayar da gidan Dison, kuɗin ya riƙe shi shekara goma sha biyar. Ya ma riga ya kira lauya ya duba takardu.

Har lokacin Nadège ba ta gaya masa maganar jinginar ba. Kwana huɗu tana neman yadda za ta fara. Rana ta biyar shi ya kira ta, tana tsaye a ƙarshen layi tana jiran lokacin tashi.

"Nadège, mene ne wannan lauya yake gaya mini?"

"Zan yi maka bayani."

"Kin jingina gidan Mama? Tsoho mai shekara tamanin kika ja gaban lauya kamar akuya?"

"Ba wanda ya ja shi. Da kansa ya..."

"Da kansa! Mutumin da ke sa hannu a takardar duk wanda ya buga masa ƙofa? Ke da ko lissafin canji sai da inji, ke ce za ki yi harkar gidaje? Kin san abin da kika yi kuwa? Ba a iya sayar da gidan sai banki ya yarda!"

Fasinjoji suna kallonta ta gilashi. Ta ce masa lokacinta ya yi, ta kashe waya, ta hau ta ja bas. Sai da ta wuce tasha biyu ba ta tsaya ba, wata mata ta yi ta danna ƙararrawa tana masifa.

Banki ya ce zai saki gidan Firmin idan aka zuba masa dubu ashirin da biyar, don darajar sashenta ta faɗi tun da maganar gyara ta fito. Wato a yanki kuɗin jinyar tsohon a toshe ramin da ta haƙa. Régis ya ce sai dai bayan ransa. Ta koma wurin dillali mai takalmi mai tsini ta ce ya sayar mata da sashen. Wannan karon bai rage murya ba.

"Da gyara a gaba, da tsohuwa a ciki tana biyan kuɗin da? Dubu saba'in da shida, in an yi sa'a."

"Kai ka ce mini irinsa ba ya kwana a kasuwa."

"Ai bai kwana ba, Madam, kin saya." Ya jawo yarjejeniyar hayar ya duba. "Amma ga wata ƙofa. Wa'adin tsohuwar zai cika ƙarshen Maris. Idan kika aika mata wasiƙar rajista kafin ƙarshen Satumba, wata shida ke nan, dole ta tashi, ba sai kin ba da dalili ba. In babu kowa a ciki zan samo miki dubu casa'in. Ki sallami banki, gidan babanki ya fita. Idan kika bari Satumba ta wuce, kin ƙara mata shekara uku."

Dubu casa'in. Ajiyarta ta shekara goma sha bakwai ta tafi ke nan, amma za ta fita. Régis da kansa ya rubuta wasiƙar ya turo mata, ya ce hannu kawai za ta sa, tun da wannan ta iya.

Ta sa hannun. Ta saka a ambulan ta jefa a jakar aiki, ta yi mako uku tana yawo da ita. Ta ce a ranta ba za ta bari ma'aikacin gidan waya ya fara kai labarin ba, gara ta je da bakinta. Ranar wata Laraba bayan ta tashi aiki ta hau benen.

Madam Hanquet ta ɗora ruwan kofi, ta fito da kofuna, ta zauna ta haɗa hannuwa a kan tebur.

"Satumba ce ta kawo ki."

Nadège ta kasa haɗa ido da ita.

"Kada ki ji kunya, 'yata. Na fi ki sanin kwanan watan. Duk shekara uku in Satumba ta kama ba na barcin kirki sai ta fita. In na ji ƙarar akwatin wasiƙa sai in ce shi ke nan, ta zo." Ta gyara kofin da bai karkace ba. "Na sa sunana a gidajen gwamnati tun mijina na da rai. Sun ce in jira. Ina ga sai an kai ni maƙabarta takardar za ta iso."

"Ba ki da kowa?"

"Akwai ɗan ƙanwata a Ostende. Yana aiko kati." Ta zuba kofi. "Ba roƙonki nake ba. Kin ci bashi, na gani a fuskarki tun ranar farko. Abu ɗaya kawai, in za ki aiko, ki aiko da wuri. Jiran ne ke kashe mutum."

Nadège ta shanye kofin yana ƙona mata harshe, ta yi sallama. A zaure ta tsaya ta jingina da bango, ta daɗe tana kallon akwatunan wasiƙa guda shida. Ba ta san tsawon lokacin da ta yi ba sai da fitilar zauren ta mutu da kanta.

Daga nan ta wuce asibitin da ake koya wa mahaifinta tafiya. Ta same shi a bakin taga cikin keken marasa lafiya, ya rame, an aske masa gashin baki ba da izininsa ba. Ta zauna ta gaya masa komai, tun daga shafi na arba'in da ɗaya har wasiƙar da ke jakarta. Ta ce ta cuce shi, amma za ta gyara, kafin bazara gidansa zai fita daga hannun banki.

"Ya fita ya je ina?" in ji Firmin.

"A sayar, a biya maka wuri mai kyau. Régis ya samo wani mai lambu."

"Na ga hotonsa. Wa ya ce miki ina son lambu?" Ya matso da keken, ya kama hannunta da ƙarfin da ba ta zaci ya rage masa ba. "Saurara. Tun da na faɗi nake jin ku kuna magana a bakin ƙofa kamar na riga na mutu. Ranar da yayanki ya shigo yana huci ya ce gidan ba ya sayuwa, ranar na fara cin abinci. Takardar nan da na sa wa hannu, ita ce abu mafi amfani da na yi a shekara goma."

"Papa, ba za ka iya zama kai kaɗai ba."

"Na sani."

"Ba ka iya hawa sama."

"A sauko da gado falo. Akwai bayi a ƙasa." Ya saki hannunta ya mai da ido taga. "Ɗakinki yana nan yadda kika bar shi. Nawa kike ba mai gidan hayarki? Ɗari shida da wani abu? Magina nawa suke nema?"

Wato ta dawo gida, kuɗin hayarta ya koma na magina. Lissafin ya fita, har ya fi duk wanda ta taɓa yi fita, abin da ya tsorata ta ke nan. Tana da shekara goma sha tara ta bar gidan nan da akwati ɗaya, ta rantse ba za ta ƙara kwana a ƙarƙashin rufinsa ba, ba don an yi mata wani mugun abu ba, sai don gida ne da ko tari ka yi an ji, kuma an tambaye ka dalili.

"Ban tambaye ki komai ba ranar da kika zo da kek," in ji tsohon, bai juyo ba. "Ban ce ki kawo takarda ba, ban ce sai na yi shawara ba."

Bai buƙaci ƙarawa ba.

Ranar talatin ga Satumba ta tashi aiki ƙarfe huɗu. Gidan waya yana rufewa biyar. Ta je, ta ɗauki lamba, ta zauna. Mutum tara ne a gabanta. Régis ya kira sau biyu ba ta ɗauka ba. Da lambarta ta fito a allo sai ta tsaya kallonta kamar ta wani ce. Ma'aikaciyar ta kira, ta sake kira, ta wuce ta gaba. Nadège ba za ta iya cewa tausayin tsohuwar ne ya riƙe ta ba, ko maganar mahaifinta, ko kuwa gajiya ce kawai. Tana nan zaune har mai gadi ya zo ya ce Madam, za mu rufe.

Régis ya ce ta haukace, ya ce ya cire hannunsa, duk abin da ya samu Papa ita ta sani. Ya yi wata biyu bai kira ba, daga baya ya fara turo ɗari da hamsin duk wata ba tare da ko gaisuwa ba.

A ƙarshen Oktoba ta mayar da mukullin ɗakinta na bayan tasha. Yvon ya aro motar ɗaukar kaya, su biyu suka sauko da gadon Firmin falo, suka hau da nata akwatunan sama. Da ya ga ɗakin, da ɗan gadon da ƙafarta ke leƙowa, da takardar bango mai furanni, sai ya dube ta, ya ajiye akwatin ya koma ɗauko wani.

Haka rayuwar ta zauna. Ta nemi a mai da ita aikin safe. Ma'aikaciyar jinya tana zuwa ƙarfe takwas ta yi wa tsohon wanka, maƙwabciya ta leƙo da rana, ƙarfe biyu Nadège ta dawo ta karɓa: girki, wanki, magani, kwashe kashin tattabaru. Albashi yana shiga ran ɗaya ga wata, kafin ran biyar banki ya ɗauki nasa, magina sun ɗauki nasu. Kuɗin Madam Hanquet kuwa ran ɗaya yake shigowa, da sassafe. An kafa ƙarafa an lulluɓe benen da koriyar raga, tsohuwar ta kira ta ce maginan suna da ladabi amma suna taka mata furannin taga.

Wata Lahadi a Disamba, ana yayyafi, ta zaunar da mahaifinta a kicin ta ɗaura masa tawul a wuya tana yi masa aski. Gashin bakin ya fara dawowa, ya hana a taɓa shi.

"Saura shekara nawa?" ya tambaya.

"Na me?"

"Na bankin."

"Ashirin da huɗu, ba wata ɗaya."

Ya yi ta motsa leɓe yana ƙirgawa. "Ɗari da huɗu ke nan zan yi. To, ba laifi. Zan yi ƙoƙari."

Dariya ta kuɓuce mata har sai da ta ɗaga almakashi daga kunnensa. Shi ma ya yi, ƙasa-ƙasa, yana riƙe ƙugu. Dariyar ba ta daɗe ba. Ta share ido da bayan hannu, ta juya kansa gefe ta ci gaba.

"Gobe ƙarfe nawa za ki dawo?"

"Biyu, Papa. Kamar kullum."

"Ki biya ta kantin magani. Kuma hatsin tsuntsaye ya kusa ƙarewa."

"Na gani."

"In kin dawo kada ki tsaya hira da Yvon ɗin nan. Ranar Juma'a sai biyu da rabi kika shigo."

Ta ce to. Ta kwance tawul ɗin, ta kakkaɓe a ƙofar baya, ta ɗauko tsintsiya.